Durƙuson Bisa Moto

Babban yatsan ƙafata ta hagu a karkace yake, ba shi da farce. Jikokina sun ɗauka saniya ce ta taka ni, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Gaskiyar magana, ladabi ne ya yi min wannan aiki.

Lokacin Annasara bai tafi ba tukuna, ina aikin allurar shanu a biro, wato ofishin dabbobi, na Filinge. Shugabanmu, wani likita Bafaranshe mai jan wuya, ya danƙa min moto, wato babur, don in riƙa cim ma garkunan da ke wajen Bonkuku. Ranar da ya ba ni, ya yi min karatu mai tsawo. Taya ta sha iska sosai. Murɗaɗɗun ƙarafan nan na ƙarƙashin sirdi, da muke ce wa resor, a ɗaure su daidai da nauyin mutum da akwatin magani. In za a sha kwana, ƙafa ta zauna bisa matakinta, yatsu a ciki, kada a kuskura a sauke ta ƙasa. Na yi ta gyaɗa kai, alhali hankalina yana kan yadda 'yan mata za su gan ni.

To, hanyar Bonkuku, kafin ta fita gari, tana shan kwana zuwa hagu a ƙofar wani dattijo. Shi ne uban yarinyar da nake so. Kawuna ya riga ya kai goro, dattijon ya ce zai yi shawara, daga nan shiru. Kullum da safe yana zaune bisa tabarma ƙarƙashin gawo shi da abokansa, daidai bakin kwanar. Kowa a ƙasar Kurfai ya san abin da mai neman aure yake yi a irin wannan wuri: ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida mutane, sannan ya wuce a sunkuye.

Ranar farko haka na yi. Na kashe moto, na tuɓe, na gaishe su. Da na zo tashi, ɗan banzan moton ya ƙi. Na buga, na buga, gumi ya jiƙa min riga, tsofaffi suna kallo. Da ya ga dama ya tashi, sai ya tura musu baƙin hayaƙi a fuska, wani ma har da tari. Na rantse a raina ba zan sake kashe shi a wurin ba. Na koma ɗaga hannu in wuce.

Ba a jima ba gwaggon yarinyar ta tare ni a kasuwa. "Kai ɗan nan, mi ka shiga kanka? Tsoho ya ce kana wuce mutane da takalma, kanka bisa nasu kamar mai raƙumi. In haka za ka yi, ka nemi wata." Wallahi ina son yarinyar nan, ba na so ta kuɓuce min.

Nan fa na zauna na yi tunani irin na wanda ya shiga lakwal, makarantar boko, na fito da dabara. Tunda tsayi ne laifina, sai in rage tsayi. Na ɗauki makullin kwance ƙarafa na kwance resor har ƙarshe, sirdi ya zauna ƙasa. Na sace wa tayar baya iska, ya ƙara sauka. Takalma kuwa, tun daga ƙofar biro nake ɗaure su in rataya a wuya. In na doso gawon, sai in kwantar da moto hagu iyakar kwanciya, in sauke ƙafa tsirara tana jan tsakuwa, in sunkuyar da kai, in kwarara, "Ina kwananku, Baba!" Kafin a amsa na yi nisa. A ganina babu wani saurayi da ya taɓa durƙuso mai kyau irin wannan. Da yamma ta bayan kasuwa nake dawowa, kada a ce na cika zarya.

Haka na yi tun daga girbin hatsi har zafi ya shigo. Kowane rami na shiga, sirdi ya buga ƙarfe, ƙashin bayana ya amsa. Kwalaben magani sun yi ta fashewa cikin akwati, ina ɗora wa hanya laifi. Tafin ƙafata ya yi kanta kamar na mai noma. Wata safiya likitan ya tsuguna ya duba tayar baya. Gefen dama da zanensa kamar sabo, gefen hagu ya suɗe sumul har zare ya fara leƙowa. Ya dube ni ya ce, "Kai duniyarka hagu kawai take juyawa?" Na ce ƙasar Kurfai ce haka. Ya ce a ɗaure resor, kada a sake hawa sai sabuwar taya ta zo daga Yamai. Na ce to. Amma washegari ranar kasuwa ce, ranar da tabarmar dattijon take cika, ni kuwa ba na fashin gaisuwa.

Da safe na faki ido na hau, na doso kwanar da ƙarfina, takalma suna reto a ƙirji. Na kwanta hagu fiye da kullum, don mutane da yawa. Sai na ji fau! Taya ta fashe, matakin ƙafa ya caki ƙasa, yatsana ya haɗu da saiwar gawo. Moto ya yi gabas shi kaɗai, ni na taho da ciki ina share tsakuwa, ban tsaya ba sai da goshina ya taɓa bakin tabarma. Takalmi ɗaya ya faɗa cikin ƙwaryar furarsu.

Yatsa yana zubar da jini, amma kunya ta fi shi zafi. Ban san abin da zan ce ba, sai bakina ya faɗi abin da ya saba: "Ina kwananku, Baba."

"Lahiya lau," in ji dattijon. "Ina gajiya? Ina mutanen gida? Ina aiki?" Ya bi gaisuwar nan tiryan-tiryan har ƙarshenta, ina kwance ina amsawa da ƙasa a baki. Sannan ya yagi gefen rawaninsa, ya jawo ƙafata bisa cinyarsa, ya fara ɗaure yatsan da kansa.

"Yaro," ya ce, "tun kaka na gama shawara, na ba ka ita. Kullum sai in buɗe baki in kira ka, sai in ga bayanka."

Likita ya karɓe motonsa a ranar, aka mai da ni bisa doki kamar sauran ma'aikata. Washegari da sanda na zo gawon, ina ɗingishi, ƙafa babu takalmi don ba ya shiga. Dattijon ya matsa min wuri a bakin tabarma, na zauna har rana ta take.