Zane na Biyar

Inna, mahaifiyata, ta yi shekara ashirin da uku tana buga takardu a sashen lissafi na wata jami'a. Ofishinta wani lungu ne a ƙarƙashin bene, mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa. Mai Keke ake ce mata, saboda keken rubutu, kuma ko da aka kawo kwamfuta sunan bai bar ta ba.

Hannunta ya iya zane, don haka malamai kan kawo mata lambobi ta fitar musu da hoto. Tana da wani siririn katako mai lanƙwasuwa. Sai ta ɗiga ɗigo-ɗigo a takarda, ta lanƙwasa shi ya bi su, ta danne da ƙarafa, ta ja layi. Ta kan ce in layi mai santsi ne katakon zai bi, in akwai kusurwa sai ya yi gardama.

Shugaban sashen wani Farfesa ne. Bincikensa shi ne a zana siffa biyu a jikin ƙwallo, a nemo hanya mafi gajarta da ɗaya za ta rikiɗe a hankali ta zama ɗayar, ba tare da layin ya karye ba. Ya shekara huɗu a kan wata takarda, sannan ya ba Inna lambobin zane takwas, mataki bayan mataki.

Na biyar ya ƙi. Ta gwada kwana biyu, har ta zo gida ta naɗa waya a jikin tsohuwar ƙwallo, layin dai sai ya yi gwiwa a wuri ɗaya. Ta je ofishinsa, ta tarar da ɗalibai shida a zaune.

"Ranka ya daɗe, lambobin na biyar kamar ba su zauna daidai ba."

Farfesa ya cire tabarau. "A ina karatunki ya tsaya?"

"Sakandare."

"Madalla. Yau mun yi babbar baƙuwa." Ya miƙa mata alli. "Ga allo, koya mana."

Ta tsaya gaban allon. Bai ce ta zauna ba, bai ce ta fita ba, ya ci gaba da darasinsa. Lokaci-lokaci ya waiwayo ya ce, "Malama, muna jira." Ɗaliban suna danne dariya. Sai da awa ta cika ya sallame ta.

Da ta ba Baba labari a gida, cewa ya yi, "Ke ma wa ya aike ki? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Bayan mako uku masinja ya ajiye mata sababbin lambobin zane na biyar, ba ko saƙo. Katakon ya bi su sumul. Takardar ta fito, Farfesa ya gode wa matarsa da ɗalibansa a ƙasan shafin farko. Inna kuwa wasiƙa ta samu: an mayar da ita sito saboda rashin ladabi. A can ta ƙarasa shekara shida tsakanin karyayyun kujeru, ƙura ta kama mata ƙirji. Ba ta ƙara zane ba, ba ta kuma ƙara ambaton maganar ba.

Kwana biyu bayan rasuwarta mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Farfesa ne, ya tsufa, bai sauko ba. Ta gilashi ya yi ta'aziyya, sannan ya ce yana haɗa ayyukansa a littafi guda, yana son asalin zanen da marigayiya ta ajiye.

Na ce, "Baba, kada ka bayar."

"Rufe mini baki, mutum kamar wannan?"

Da kansa Baba ya ɗauko akwatin da Inna ta adana zanen a ciki, ya sa a bayan mota. Har aka gama zaman makoki, duk wanda ya zo gaisuwa sai Baba ya gaya masa Farfesa guda ya tako har ƙofar gidansa.