Buhun Ruɓaɓɓun Ƙarafa

Yau ma kayan da na yi oda sun fito daga tashar jiragen ruwa, bayan dogon jira, kuma mariƙin ƙofar da ke cikinsu bai hau tsohuwar motar da nake gyarawa ba. Mai ita, wani Balarabe da ya gaje ta wurin kakansa, ya ce ko in gama ko ya janye abarsa. Na gaji. Na zauna kan wani buhu a kusurwar gareji, ƙarfe ya soke ni, sai na tuna marigayi maigidana, tsohon da ya koya mini gyaran tsofaffin motocin Amurka.

Shi ba ya yar da abin da ya cire daga mota, ko da iskar teku ta cinye shi ya koma kamar ƙanzo. Yakan ce, "Ruɓaɓɓen shi ne ma'auni, ɗana. Da shi za ka ƙera sabo."

Ranar da aka rushe unguwarmu ta Karantina, motar da za ta kwashe mu zuwa unguwar Khumra ta cika. Direba ya ce, "Yalla, yi sauri, Baba, ko katifa ko buhun nan." Ya bar katifar. Ya hau baya ya rungume buhun, ƙura ta rufe masa gemu, tsatsa ta rine masa farar riga. Bai waiwayi garejinmu ba.

Ɗazu na zazzage buhun nan nasa da na zauna a kai, warin tsohon baƙin mai ya tashi. Mariƙi irin na motar yana ciki, rabinsa ya cinye, amma siffarsa na nan.

Allah da Ya san siffar kowa ta asali, Ya tashe ka cikakke, Baba, inda ba tsatsa, ba rusau.