Ranar da Aka Ce In Yi Shiru a Gidimuni

Duk shekarun da na yi a aikin sinimar yawo, ban taɓa mantawa da ranar da muka kai wani fim Gidimuni ba. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kun sha tambayata me ya sa nake ajiye mikro, wato abin magana, in koma gefe alhali fim na tafiya. To ga dalilin.

Lokacin ina sabuwa, ina cikin wata uku na gwaji. Mu uku ne a tawagar. Akwai Madam Rabi, ita ce shef ɗinmu, wato shugabarmu, ita ke sa hannu a rapor, rahoton aikinmu. Akwai Isuhu, shi ke tuƙa mota, shi ke tayar da injin wuta da majigi. Ni kuma aikina biyu ne. Idan fim da Faransanci yake, ina riƙe mikro ina mayar wa jama'a da Hausa. Idan an gama, in bi mutane da takardar tambayoyi, fish muke ce mata, in rubuta ra'ayinsu. Da waɗannan takardu ake yanke shawara a buro, ofishinmu na Zinder, ko za a ci gaba da yawo da fim ko a mayar da shi inda ya fito.

Yawanci finafinan faɗakarwa muke nunawa, na rigakafi ko na ajiyar hatsi. Sai aka aiko mana da wani daban. Labarin tsofaffin mata biyu ne a wata ƙasa mai sanyi, garkarsu, wato lambunsu, na manne da juna, ɗan shinge ne kawai tsakani. Ɗaya baƙuwa ce, ba ta jin yaren ɗayar. Da farko ko gaisuwa ba sa yi. Daga baya wannan ta miƙa wa waccan irin wake ta kan shinge, waccan ta ara mata fartanya, a haka har suka shaƙu. Ba faɗa, ba waƙa, magana ma kaɗan ce.

Mun fara nuna shi ga samari a cikin garin Zinder, kafin a kai rabi ɗakin ya kusa watsewa. Madam ta ce, "Gidimuni ce ta ƙarshe. Idan masu garka ma suka tashi, zan rubuta a mayar da shi." Ta dube ni ta ƙara da cewa, "Ke kuma, Zeinabu, saura mako biyu gwajinki ya ƙare. Ina kallon yadda kike riƙe jama'a."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Sai na ƙudura cewa tunda fim ɗin ba ya magana, ni zan yi masa.

Da hantsi muka isa, cikin rani, bayan an gama ban ruwan safe. Aka ba mu magaza, ɗakin ajiyar masu albasa, Isuhu ya toshe tagogi da tabarmi. Mata suka zauna gefe guda, maza gefe guda, wasu ƙafafunsu da sauran laka daga bakin tafki.

Fim na farawa na shiga aiki. Duk inda tsofaffin nan suka yi shiru sai in sa musu magana a baki. Baƙuwar ta leƙa kan shinge, na ce, "Kai, wannan ganyen salati nata ko akuya ba za ta ci ba!" Aka yi dariya. Na ji daɗi, na ƙara. Aka zo wurin da suka zauna kan benci ɗaya karo na farko, kowa na kallon gabanta, na fara ƙaga musu gulmar maƙwabta.

Sai wata tsohuwa a sahun gaba ta ɗaga murya. Daga baya na ji sunanta Inna Hajara.

"Ɗiyata, tsaya. Wace ce ta faɗi haka?"

Na ce, "Mai jan kallabin, Inna."

"Ina kallonta. Bakinta bai motsa ba."

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "In sun yi magana ki faɗa mana. In ba su yi ba, bar mu mu gani. Ai muna da ido."

Kunya ta kama ni. Na waiwayi Madam, da hannu ta yi mini alamar in sauke mikro. Daga nan har ƙarshe jimlolin da na fassara ba su kai yatsun hannu biyu ba. Ina tsaye ina cewa a raina shi ke nan, aiki ya tafi. Amma mutum biyu ko uku ne kawai suka fita.

Da Isuhu ya cire tabarmin, na ɗauki fish. Tambaya uku ce a kanta: ka ji daɗinsa, ka gane saƙonsa, wane darasi ka ɗauka.

Na farko wani Bakano ne mai sarin albasa, Alhaji Sabi'u. Ya ce, "Gaskiya, Hajiya, ni barci na yi. Ina jira a sace wa wata kaza ko ɗan wata ya dawo daga tafiya, shiru. Rubuta haka."

Malam Habu, mai garkar rake, shi abin da ya dame shi daban ne. "Da tsakar rana fa suka yi dashe! Wa ke dashe da rana tsaka?" Maƙwabcinsa ya ce, "Kai ba ka ga rigunan jikinsu ba? Ranarsu ba irin tamu ba ce." Suka kaure da musu, har wani ya shigo da zancen tazarar da suka bari tsakanin fangalin shuka da fangali, wai ɓarnar ƙasa ce. Wata matashiya mai goyo ta ce ita abin da ya ba ta haushi shi ne 'ya'yan baƙuwar, ko sau ɗaya ba a ga sun zo duba ta ba.

Inna Hajara na bari ƙarshe, don ina jin nauyinta. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri da abin da na yi."

Ta ce, "Tashi, ba laifi. Yarinta ce."

Na karanta mata tambaya ta uku. Ta ce ita ba ta san wani darasi ba. Ta dai tuna da Falmata. Wata Babarbariya ce da aure ya kawo ta garin ba ta jin Hausa, fangalinta kusa da na Inna. Shekara biyu suka yi ba abin da ke haɗa su sai nuni da hannu. Rannan Inna ta kwanta zazzaɓi kwana shida, da ta samu ta lallaɓa garka sai ta tarar da albasarta shar, an yi ta ba ta ruwa. Falmata ba ta taɓa cewa ita ce ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

"Bayan ta iya Hausa ma ba mu cika surutu ba," in ji ta. "Mu zauna ƙarƙashin dabino, kowa ta san abin da ke ran 'yar'uwarta. Bara ta rasu. Wurin bencin nan da kika cika da magana, nan na so in ɗan zauna da ita."

Na duba fish, babu gurbin da wannan zai shiga. Na kai wa Madam na ce ban san inda zan sa ba. Ta ce, "Juya bayan takardar. Rubuta yadda ta faɗa, kada ki gyara ko kalma. Na Alhajin da ya yi barci ma haka."

Kafin mu naɗe kaya mata suka aiko a tambaya ko za a sake nunawa bayan azahar, waɗanda ke garka ba su samu gani ba. Muka sake. A wannan karon na faɗi abin da aka faɗa kawai.

A mota na ce wa Madam ta sa a rapor cewa na ƙaga maganar da ba ta cikin fim. Ta ce, "Ke za ki rubuta da hannunki, ni in sa hannu a ƙasa." Haka aka yi. Fim ɗin bai koma ba, mun kai shi Hamdara da ƙauyuka da dama. Ni ma da wa'adina ya cika aka riƙe ni.

Inna Hajara ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Madam Rabi ta yi ritaya, har yanzu ina zuwa gaishe ta. Su biyun suka koya mini aikin nan a yini ɗaya. Mutanen da muke kai wa fim sun fi mu sanin abin da suke kallo. Namu shi ne mu isar da abin da aka faɗa ba ƙari, mu kawo abin da suka ce ba ragi, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba. In kuka ga ɗaki ya yi shiru, kada ku firgita ku kama mikro. Ku fara duba fuskokin mutane tukuna.