Tsohon da ya raka mu har shinge

Shekarun baya, da rikicin da ya ci ƙauyukanmu ya ɗan lafa, na shiga aikin sa kai a wata ƙungiya mai sa ido kan haƙƙin ɗan Adam. Kada ku ɗauka jarumta ce ta kai ni. Na gama bautar ƙasa na dawo Kafanchan ina zaman kashe wando, kullum ina rumfar yayana a kasuwa, ina taya shi auna citta da gardamar ƙwallo. Da na ji ana neman matasa, har za a ba mutum riga mai aljihuna da katin ratayawa a wuya, sai na ruga. Mahaifiyata ta kalle ni cikin rigar ta ce, "Kai da ko faɗan ƙannenka ba ka iya rabawa, kai ne za ka ƙwato wa duniya haƙƙi?" Na yi dariya na fice.

Bibbiyu ake tura mu, Musulmi ɗaya, Kirista ɗaya. Abokiyar aikina malamar firamare ce daga wajen Fadan Kaje, ta girme ni, ta kuma fi ni hankali nesa ba kusa ba. Aikinmu mu shiga ƙauyuka mu saurari abin da aka yi wa mutane, mu kawo wa ofis. Babbar ƙa'idar da aka koya mana ita ce kare mai ba da shaida. Ba a zuwa gidansa kai tsaye. Kowane gida za ku shiga, ku zauna daidai yadda kuka zauna a na maƙwabci, ku yi tambaya kan rijiya da makaranta da magani. Ba a rubutu a gaban mutane. In kun fita, ba wanda zai iya nuna gidan da aka yi magana. Ni kam dabarar ta burge ni ƙwarai, har a majalisa nake bayaninta kamar ni na ƙirƙiro.

Cikin damina aka tura mu wani ƙauye da aka taɓa kai wa hari. A bakin hanya matasan garin sun gitta kututture sun yi shinge, suna zaune da bindigogin toka da adduna. Su ne 'yan bangar da gari ya kafa bayan harin. Shugabansu, wani dogo mai fara'a, ya duba katinmu ya ce mu bar babur a nan. "Ku shiga, ba wahala. Gari lafiya lau."

Haka kuwa muka yi ta ji. Gidan da rabinsa toka ne, lafiya lau. Matar da ke dafa abinci a ƙarƙashin leda, lafiya lau, sai dai rijiya ta yi nisa. Kowa ya ba mu ruwa, ya taka mana zuwa ƙofar gida, ya koma. Har na fara lissafin komawa da wuri, sai muka shiga gidan wani tsoho manomin citta da ke zaune shi kaɗai. Kabarin matarsa yana nan cikin gidan, an shafe shi da siminti, an share kewayensa tas.

Abokiyar aikina ta fara da maganar rijiya. Ya ɗaga hannu.

"Malama, bar maganan rijiya. Rijiya yana nan, ruwa yana ciki. Abin da yana cikina ne ya hana ni barci."

Ya ce akwai ɗan ƙanensa, ɗan acaba, wanda ba ya zaɓen fasinja, ya ɗauki ɗan gari ya ɗauki Bafulatani. Bayan harin aka fara raɗe-raɗin shi ke kai wa mahara rahoto. Wata safiya tsohon yana gona yana rufe citta da ganye, ya hango 'yan bangar sun ja saurayin bayan makaranta. Ya ji ihunsa har ihun ya ƙare. Da yamma aka kawo gawa aka ce mahara ne suka tare shi a hanya. Gari ya sani, gari ya yi shiru, don masu aikin 'ya'yan gari ne, kuma su kaɗai ke gadin gari.

"Mamansa yana tashi a coci yana kuka, yana cewa Ubangiji ya hukunta wanda ya kashe mata yaro," in ji shi. "Su kuma suna zaune a benci na baya suna cewa amin. Ɗana, ni dattijo ne a coci ɗin nan. Yaya zan ci jibin Ubangiji da wannan abu a bakina?"

Abokiyar aikina ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, mun ji. Sunanka ba zai fita ba. Amma ka yi kamar ba abin da ya faru. In an tambaye ka, maganar rijiya muka yi." Ya gyaɗa kai. Muka tashi a kan lokaci, muka zaga sauran gidajen, muka sha ruwa har cikinmu ya yi ƙat. A raina ina cewa yau mun yi aiki yadda aka koya mana, ba kuskure ko ɗaya.

Mun kama hanyar shinge ke nan muka ji ana kiranmu daga baya. Tsohon ne. Ya canza kaya, ya sa rigarsa ta zuwa coci da hula, ya rungumo wani jan zakara a hammata.

Abokiyar aikina ta tare shi, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, don Allah ka koma gida. Don Yesu ka koma."

"Haba malama. Mutum ya zo daga nesa, ya sauke maka kaya daga kai, ka bar shi ya tafi kamar kare? Babana bai koya mini haka ba."

"Baba, ana kallonmu."

"Su kalla. Rakiya ne, ba sata ba ne."

Na sa baki na ce ƙa'idar aikinmu ta hana karɓar kyauta. Ya ce ba komai, shi zai riƙe har wurin babur. Muka rasa yadda za mu yi. In muka tsaya jayayya a tsakiyar gari, mun tara jama'a. In muka tafi, yana biye. Waɗanda suka tsara mana dabara sun yi tunanin takarda, sun yi tunanin minti nawa za a zauna, amma ba wanda ya tuna cewa a ƙasarmu nisan rakiya shi ke nuna girman abin da ke tsakaninka da baƙo. Mu ma da aka haife mu cikin al'adar ba mu tuna ba.

Haka muka ratsa gari. Mata suka daina daka. Zakaran nan bai rufa mana asiri ba, sai kuka yake yana fuffuka. A shinge dogon ya miƙe yana murmushi.

"Baba, baƙinka ne?"

"Baƙin gari ne."

"Haka ne. Amma kai kaɗai ka ba da zakara."

Tsohon ya ɗaure zakaran a bayan babur da hannunsa, ya sa mana albarka, ya juya. Abokiyar aikina ta yi kuka tun daga nan har muka hau kwalta.

Mun kai rahoto, mun kuma gaya wa ofis cewa mutumin yana cikin haɗari. Aka ce za a duba. Bayan wani lokaci wasu jami'ai suka je garin sau ɗaya, suka tsaya a shinge, suka tambayi 'yan bangar ko gaskiya ne sun kashe ɗan acaba. Suka ce ƙarya ne. Jami'an suka juya. Iyakar binciken ke nan, amma ya isa ya tabbatar wa gari cewa wani ya yi magana, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san ko wane ne.

'Yan bangar ba su taɓa lafiyar tsohon ba. Cittarsa aka tuge tun ba ta nuna ba, aka watsar a kan hanya. A coci, in ya zauna a benci sai a tashi a bar masa. Aka daina amsa gaisuwarsa. Har uwar saurayin ta daina, don an ce mata tsohon yana so a kwance wa gari masu gadi a bar su a hannun mahara. Da rumbunsa ya kama da wuta, ba wanda ya kawo ko bokiti. Daga nan ya bar garin. Kafin shekara ta zagayo aikinmu ma ya ƙare, aka rufe ofis, yanzu shagon sayar da waya ne a wurin.

Na sake ganinsa bayan 'yan shekaru, a nan kasuwarmu, cikin mata masu tsaga citta a bayan rumfuna. Mutumin da yake da gonarsa, yana tsaga ta wasu. Ya rame, amma shi ya fara gane ni. Na durƙusa na gaishe shi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ɗana, manyan sun ji magana ɗin?"

Na so in yi masa ƙarya. Na kasa. "Baba, an kai musu. Ba abin da aka yi."

Ya ci gaba da tsaga cittar. "To. Ni dai na faɗa." Can ya ce, "Gona bai dame ni ba. Abu ɗaya ne. Na aika a roƙa, in na mutu a bar ni in kwanta a gidana. Sun ce ba su san ni ba."

Na nemi abokiyar aikina, muka je wurin fastoci, muka je wurin masu gari. Kowa ya karɓe mu da mutunci, ya ce a bari lokaci ya yi. Dogon nan a lokacin yana cikin kwamitin zaman lafiya na yankin, da shi ake zama a teburi.

Tun muna yara ake gaya mana ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ban ƙara iya faɗa wa kowa wannan magana ba. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi in huta, na rasa. Mun bi ƙa'ida, shi kuma ya bi tarbiyyar gidansu, gari ya bi tsoronsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk ƙauyen mutum ɗaya ne ya yi abin da muka je nema, kuma shi kaɗai aka hukunta. Har yau in na ji ana kira a rediyo cewa jama'a su fito su faɗi abin da suka gani, sai in yi ta tunanin wane bawan Allah ne kuma zai yarda.

Baba ya rasu a ɗakin haya a Kafanchan. An aika gida, ba wanda ya zo. A maƙabartar Kafanchan aka binne shi, cikin baƙi. Da aka zo ɗaukar akwatin hannu bai isa ba, sai da na leƙa titi na roƙi masu wucewa.