Wa Ya Ajiye Ƙanzon?

Bana shekara talatin da ɗaya da rasuwar Gwaggo Dije, yayar mahaifina, kuma ban taɓa bukatarta kamar bana ba.

Ni ɗan fari ne. An haife ni Turawa ba su daɗe da zuwa ba, Tudun Wada kuwa 'yan gidaje ne tsilli-tsilli a wajen ganuwa. Innata ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada: ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni, in na shigo sai ta kau da kai. Ina shekara huɗu na yanke cewa ba ta sona.

Gwaggo ba ta musa mini ba. Tana kaɗin auduga za ta zaunar da ni ta yi ta tambaya. Wa ya ajiye ƙanzo a bayan randa, inda ba mai leƙawa sai ni? Me ya sa miyar Inna ta ƙone ran da na yi zazzaɓi? In na ce ban sani ba, sai ta ce labarin zuciya a tambayi fuska, in je in duba. A bakinta na koyi cewa mutum kan kau da kai alhali hankalinsa na kanka.

Yau jikata Hadiza ce 'yar farin, shekararta huɗu. Uwarta na yin kunyar nan daidai, sai dai gidan babu wata Gwaggo. Uban yana aiki Kaduna, matata ta rasu. Ni kuwa tsohon akawu ne mai nauyin baki, surukata kuma ko ido ba ma haɗawa, balle in ce ta sassauta. Yarinyar ta daina shiga ɗakin uwarta. Ina jin tsoro ƙwarai, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da Gwaggo na nan, da ta ce mun riƙe kunyar mun yar da hirar.

Abin da ya rage mini nata tambaya ce. Shekaranjiya na ga ƙanzo a faifai bakin ƙofa, na kira Hadiza.

"Amaryata, wa kike jin ya ajiye miki wannan?"

Ta dube shi, ta dube ni. "Mantawa ta yi, Kaka."

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Bayan wannan, me kike tambaya?