Nonon da Yayata Ta Zubar a Bayan Rumbu

Yayata tana da farfaɗiya, kuma a gidanmu na Matameye ba a taɓa barin ta ta manta ba. Tun muna yara Inna ta ware mata ƙoƙon shan ruwa, ta ɗaura masa baƙin zare don kada wani ya ruɗe. In ta faɗi sai kowa ya watse, ana ihun kada a taka yawunta. In ta farfaɗo, ita da kanta take ɗebo toka ta rufe wurin, sannan ta bi mu tana ba da haƙuri. Da ta girma ba sai an ce mata ta matsa ba. Kana shimfiɗa tabarma za ta duba inda gefenta ya ƙare, ta ƙara gaba kaɗan, ta zauna a ƙasa. Maƙwabta suna yabon ta, wai yarinya ce da ta san kanta. Har yau in na ji an yabi wani da wannan magana sai raina ya ɓaci.

Wani cikin dangin babanmu daga Dawce ya aure ta, mutum mai haƙuri. A shekarar da gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, ya tafi Kano cin rani, ita kuma ta dawo gida da tsohon ciki. Ta haifi namiji.

Da farko ba wanda ya lura da komai, tunda dama ba a ba jariri nonon fari, sai ruwa da madarar akuya. Amma lokacin ya wuce, Yaya ba ta sa shi a ƙirji ba. In ya yi kuka sai ta miƙo min shi, ta zaga bayan rumbu. Rannan na bi ta. Na iske ta a durƙushe tana tatsar nononta a ƙasa, tana bi da toka tana rufewa, yadda take yi wa yawunta.

Na ce, "Yaya, kin haukace ne? Yaron na can na shiɗewa!"

Ta ce, "In yawuna na sa ciwo, ke kin san abin da nonona zai yi? Ba zan ɗura mishi da hannuna ba."

Ni a lokacin ban haihu ba, ba ni da abin ba shi. Akuyarmu kuwa, da ke cin tsumma da takarda, nononta ya ƙafe, ba da jimawa ba ta kwanta ba ta tashi ba. Inna ta je wurin maƙwabciyarmu mai goyo ta roƙe ta. Matar ta ce ita ba za ta sa bakin ɗan mai farfaɗiya inda ɗanta ke sa nasa ba.

Sai ga Inna, wadda ta ɗaura baƙin zaren nan da hannunta, a durƙushe gaban Yaya tana cewa, "Ba shi mana, 'yar nan. Ba ya kamuwa." Yaya ta dube ta ba faɗa ba fushi, ta ce, "To, Inna, sha da ƙoƙona." Ta miƙa mata. Inna ta karɓa, ta kalli ruwan, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba ta jin ƙishirwa.

Lokacin soja ke mulki, su ke gadin rabon taimako. Muka ji motar kaya ta kawo garin madara don jariran da uwayensu ba su da nono. Na ja Yaya muka shiga layi tun da hantsi, yaron a bayana, ya yi sakayau kamar buhun da aka zazzage. Ita tana can gefen layin, kada ta goga wa wani jiki. Da muka iso gaba, sojan da ke tsaye da bulala ya kalli rigarta, ya ga ta jiƙe sharkaf. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ke, da wannan za ki zo karɓar madara? Ta kasuwa kike nema ko?" Na buɗe baki zan yi bayani, Yaya ta matse min hannu. Gara mata a kira ta ɓarauniya da a faɗi sunan ciwonta a gaban jama'a. Ya tsula mata bulalar a kafaɗa, mutane suka yi dariya, muka fito hannu wofi.

Wani ma'aikacin likita da ke wurin ya biyo mu. Da na gaya masa abin da ke damun ta, ya rantse mata cewa ciwon ba ya bin nono, ba ya bin yawu. Ta yi masa godiya da ladabi. Da ya juya ta ce min, "Shi baƙo ne, bai san ni ba."

Muka koma ba yaron kunun jar dawar taimako, wanda aka tace da tsumma. Cikinsa ya ɓare da zawo. Na yi kuka, na zagi Yaya, har na danne ta ina ƙoƙarin sa masa nonon da ƙarfi, ta ture ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ban taɓa tsanar mutum ina tausayinsa haka ba. Yaron bai kai arba'in ba.

Mata suka zo gaisuwa, har da maƙwabciyar nan, ta zauna a kan tabarmarmu tana jan carbi. Yaya tana ƙasa, can bayan gefen tabarma, ƙoƙonta a kusa da ita, rigarta har yanzu a jiƙe. Maƙwabciyar ta ce, "Sai haƙuri. Wataƙila Allah ya hutar da shi ne, da ya taso da irin naki."

Na yunƙura zan kore ta daga gidan. Sai na ga Yaya tana gyaɗa kai, fuskarta a sake.

Ta ce, "Haka ne. Ko ba komai, ɗana bai taɓa faɗuwa ba."