Tsohon da Ya Riƙe Mana Kyamara a Abhur

Ana idar da sallar asuba muka bar Bur Sudan, ni da abokina, a jirgin ruwa mai warin awaki da man inji. Umra za mu, amma ba zan ɓoye muku ba, da wata a ƙasa. Kawuna direba ne a Jidda, ya rubuto cewa yana tuƙa wani tsohon ɗan ƙwallon Peru da ya zo koyar da wasa, wanda muke ganin hotonsa a mujallun Masar. Na karanta wasiƙar a teburin mai shayi, aka ƙyalƙyale da dariya, wai cika baki gadonmu ne. Abin ya yi mini ciwo, na rantse sai na dawo da hotona da shi.

Jidda akwai gumi, ko a inuwa jiƙewa kake. Muka sauka unguwar Mahjar, kullum karin kumallo wake da burodi mai zafi, ga araha, har abokina ya fara zancen neman iƙama, takardar izinin zama. Bayan umra Kawu ya ce yalla, mu tafi, muka miƙa hanyar Abhur inda ɗan ƙwallon yake zaune, teku a hagu, rairayi a dama.

Ya sauke mu a ƙofar gidan ya tafi ajiye mota. A tsakar gida ga wani mai tumbi da kwat ya hakimce a kujera, ga wani siririn tsoho mai gwame da gajeren wando yana ba fure ruwa. Mu da muka san babba da riga, muka cire takalma muka durƙusa gaban mai tumbi. Na miƙa wa tsohon kyamara. Ya gyara mana tsayuwa, ya yi ta ɗauka har fim ya ƙare.

Kawu ya shigo ya riƙe baki. "Ɗan nan, wannan ai tafinta ne. Ga mutumin can ka mayar mai hoto."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Tsohon kuwa dariya har da zama. Ya ciyar da mu ɗanyen kifi da lemun tsami, muka haɗiye don kunya. Tafinta ya ce a ƙasarsu tsohon ba ya iya taka titi don jama'a, nan kuwa da kansa yake sayen burodi, kuma hakan ya fi masa daɗi.

Na haƙura da hoto. Ranar komawa sai ga tsohon a tashar jirgi, ya zo da mai hoto da kansa. Muna jerawa, ma'aikatan wani jirgin kaya, 'yan ƙasarsu, suka hango shi. Suka watsar da aiki suka rugo, wani ƙato yana kuka, suka ɗaga tsohon sama. A haka aka ɗauka.

Na dawo gida lafiya, na kuma daina auna mutum da rigarsa. Hoton yana rataye wurin mai shayi. Ni ina can gefe, kunne ɗaya da rabin hula, amma duk teburin sun shaida hular tawa ce.